Sabuwar Porsche 911 ko ta da: wacce ta cancanci in sauya motata dominta?

Tambaya: Ina da Porsche 911 Carrera S ƙirar 2006 mai giyar hannu, kuma a Abuja nake zaune. Tsufa ya fara nunawa a jikinta, ina so in sauya. Raina ya fi kwanta wa sabon samfurin 992, amma abokaina sun dage cewa in dai kuɗi zan kashe, gara in nemi 993 ta shekarun 1990, wadda iska ke sanyaya injinta. Sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma wai ita darajarta ba ta faɗuwa. Mota ɗaya kawai zan iya riƙewa irin wannan. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, in mota ɗaya za ka riƙe, kuma a titunan Abuja za ka tuƙa ta, to 992 ce taka. Sai dai abokanka ba ƙarya suke yi ba, kuma akwai abin da za ka rasa ranar da ka miƙa makullin ta 2006 ɗin nan, wanda dillali ba zai gaya maka ba. Gara ka san shi tun kuɗin na aljihunka.

A takarda babu gardama ko kaɗan. Carrera 993 ta farko, wadda ta shiga kasuwa a 1994, injinta lita 3.6 ne mai ƙarfin doki 272, daga baya aka ƙara shi zuwa 285. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana cin kimanin daƙiƙa biyar da rabi. Taka tana da lita 3.8, doki 355, daƙiƙa 4.8. Ita kuwa 992, ko mafi ƙanƙantar cikinsu, wato Carrera zalla ta 2019, doki 385 gare ta daga injin lita 3.0 mai turbo biyu, kuma daƙiƙa 4.2 sun ishe ta. Carrera S ɗinta doki 450 ce. Birki, riƙe hanya a kwana, shan mai, kariya in an yi karo, duk inda aka auna sabuwar ce a gaba. Wanda ya ce maka ta da ta fi gudu, ko dai bai tuƙa sabuwar ba, ko ƙauna ce ta rufe masa ido.

To me ya sa mutane masu hankali da kuɗi suke rububin tsohuwar? Saboda abin da suke saye ba gudu ba ne.

993 nauyinta kilo 1,370 ne, faɗinta santimita 173 da rabi. 992 ta haura kilo 1,500, faɗinta kuma santimita 185. Wannan tazarar ta santimita goma sha ɗaya da ɗoriya a baki ba komai ba ce, amma a bayan sitiyari ita ce bambancin motar da kake jin ta kamar rigar jikinka da wadda kake lissafin gefenta duk lokacin da ɗan Keke Napep ya matso. A 993 gilashin gaba a miƙe yake kusa da fuskarka, ginshiƙansa sirara ne, kana ganin kusurwoyin motar biyu na gaba. Sitiyarinta na mai ne, duk wani tsakuwa da tayar gaba ta taka sai ya iso tafin hannunka. Totur kuma waya ce ta ƙarfe ke ja, babu kwamfutar da za ta tace abin da ƙafarka ta ce. Injin ba shi da rigar ruwa da za ta danne sautinsa, don haka kana jin kukan fanka da motsin bawul a bayan kunnenka. Duk wannan kana samun sa a gudun kilomita 60 ko 70. Nan ne sirrin yake.

Ita 992 an gina ta ne don ta natsu a gudun da tsohuwar za ta fara rawar jiki. Iyakar gudunta ya kai kilomita 293, kuma a Jamus, inda aka haife ta, akwai sassan manyan hanyoyi da ba a ƙayyade gudu ba, ga kuma filin Nürburgring mai tsawon kilomita kusan 21 inda ake gwada ta. A nan gida doka ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 a babbar hanya. Ma'ana, in ka danna totur daga tsaye, kafin ka gama sauke numfashi ka riga ka kai iyakar abin da aka halatta maka, motar kuwa ko ɗumi ba ta yi ba. A gudun gari shiru take, lafiyayya, kusan kamar wata babbar motar ofis. Mutane da yawa da suka sauya daga 997, wato samfurin taka, zuwa 992 abin da suke faɗa ke nan bayan wata biyu: ta fi kyau ta kowace fuska, amma sai an yi ganganci kafin ta yi magana. Kamar ingarman da aka horar don sukuwa ne aka ce ya yi ta takawa a jerin hawan sallah.

Ba son rai ne ya sa Porsche ta bar iska ta koma ruwa ba. Dokokin hayaƙi da na ƙara a Turai da Amurka sun yi ta tsananta, kuma don a samu ƙarin ƙarfi da tsaftataccen ƙuna ana bukatar bawul huɗu a kan kowace silinda. Iska ba ta iya kwashe zafin da ke taruwa a tsakanin waɗannan bawuloli. Ga kuma talauci: a farkon shekarun 1990 kamfanin ya kusa durƙushewa, sai da shugabansa Wendelin Wiedeking ya kawo ƙwararrun Japan suka gyara tsarin masana'antar, aka ƙera 996, magajiyar 993 mai sanyaya inji da ruwa, tana raba kayan gabanta da ƙaramar Porsche mai suna Boxster don a rage kashe kuɗi. A 1998 aka rufe babin 993, bayan an ƙera ƙasa da dubu 70. Ƙarancin nan da kuma sunan "ta ƙarshe mai iska" su ne rabin farashinta a yau.

Akwai wata magana da masoya tsohuwar ba sa son a tayar, ita ce ta tsaro. Injin 911 a bayan tayoyin baya yake rataye, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar a can yake. In ka shiga kwana da gudu, tsoro ya kama ka, ka ɗage ƙafa daga totur, sai nauyin ya koma gaba, bayan ya yi sako-sako ya nemi ya riga gaban wucewa. 911 Turbo ta 1975 ta yi ƙaurin suna a kan wannan har aka yi mata laƙabi da mai sa mata takaba. A 993 an sauya tsarin ƙafafun baya gaba ɗaya, halin ya yi sauƙi ƙwarai, amma ba ta da na'urar da ke kama mota in ta fara zamewa. ABS ne kawai, mai hana taya kullewa in an taka birki, da jakar iska biyu. Taka tana da waccan na'urar, wataƙila ma ta taɓa cetonka ba ka sani ba. 992 ta ƙara da wani abu: akwai na'urori a cikin ramin tayoyin gaba da ke sauraron fantsamar ruwa, in titi ya jiƙe sai ta ba ka shawarar ka sa ta a yanayin damina, ta lafa totur ta tsananta tsaro. Duk wanda ya taɓa bin hanyar filin jirgi a cikin ruwan watan Agusta ya san amfanin wannan.

Yanzu mu sauko Abuja, don a nan maganar abokanka take yin rauni.

Ana cewa iska ce ke sanyaya 993, amma gaskiyar ita ce iska da baƙin mai ne. Tana ɗaukar baƙin mai sama da lita 11, yana zagayawa har gaban motar inda ƙaramin lagiretonsa yake. Muddin tana tafiya, lafiya lau. Amma ka tsaya da ita a gosulon Nyanya da azahar a watan Maris, za ka ga allurar zafin mai tana hawa a hankali, kai kuma idonka ya bar titi ya koma kanta. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da ɗigon mai ta toshe ƙaƙƙarfan haƙarƙarin silinda inda iska ya kamata ta bi. Na'urar sanyaya ɗakinta kuma an yi ta ne don bazarar Stuttgart ta Jamus. In tana cikin ƙoshin lafiya za ta rage maka zafi, amma ba za ka isa ɗaurin aure da babbar riga a bushe ba.

Sannan ga shekaru. Mafi ƙuruciyar 993 ta doshi shekara talatin. Ƙarfenta yana da ƙwari, ba a musu, amma roba ba ta san sunan Porsche ba. Gaskit ɗin murfin bawul da na sarƙa suna tsatsar mai, wayoyin inji suna bushewa su farfashe, hanyoyin bawul suna cinyewa har ta fara hayaƙi. Fulogi goma sha biyu gare ta, biyu a kowace silinda, kuma na ƙasan sai an yi kwance-kwance kafin a kai gare su. Tana da distiributa biyu da wani ɗan siririn bel ya haɗa, in ya tsinke ba a lura ba, wuta na iya tashi a silindar da ba lokacinta ba, ta ƙone fistin. Ko auna baƙin manta ba kamar na sauran motoci ba ne: sai inji ya yi zafi yana aiki, mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. Yaron gareji da bai sani ba zai auna a sanyaye, ya ga kamar babu mai, ya ɗura mata lita uku na banza. Kayan gyaranta ana samu, don Porsche na da sashe guda da ke kula da tsofaffin motocinta, amma daga waje za a yi odarsu, da kuɗin waje, a jira. Abin da ba a yin oda shi ne hannun da ya saba. Makanikan da suka taɓa sauke injin 911 mai iska suka mayar daidai a ƙasar nan ba su da yawa, kuma kada ka yarda motarka ta zama allon koyon wani.

Ba na cewa 992 ba ta da nata ciwon kan. Ita kuma ba a taɓa ta sai da kwamfutar kamfani, PIWIS, har abin da bai kai ya kawo ba sai an sanar da ƙwaƙwalwar motar. Amma aƙalla Porsche na da wakili a Legas, kuma garejin da ke gyaran sababbin motocin Jamus a Abuja sun fi sabawa da irin wannan aiki fiye da injin 1995.

Fetur kuwa duka biyun yana cutar su. Porsche tana son mai mai lambar oktan 98, ta haƙura da 95, namu na gidajen mai kuwa bai kai haka ba. Sabuwar za ta kare kanta, kwamfuta ta ja da lokacin wuta baya ta rage hurawar turbo, sai dai dokin da ka biya kuɗinsu ba duka za su fito ba. Abin da ba ta yafewa shi ne datti da ruwa a cikin mai, don nozul ɗinta kai tsaye suke fesawa cikin silinda da matsi mai tsanani. Ka riƙe gidan mai guda da ka amince da shi, kuma ka riƙa juye baƙin mai tun kafin lokacin da littafin ya ce, domin an rubuta littafin ne da man Turai da iskar Turai a zuciya.

Sai maganar cewa darajar 993 ba ta faɗuwa. Gaskiya ne farashin 911 masu iska ya yi tashin gwauron zabi a shekarun 2010. Amma wace irin mota ce ta tashi? Wadda ba ta yi tafiya da yawa ba, fentinta na asali, takardun sabis ɗinta cikakku tun daga ranar farko, tana ajiye a garejin wani a Jamus ko Kalifoniya inda masu saye suke. Ka kawo ta nan, ka biya jirgi da kwastam, ka tuƙa ta shekara biyar a rana da ƙura, to ranar sayarwa mutum nawa ne a Najeriya za su ba ka kuɗin sabuwar mota a kan ta 1996 mai giyar hannu? Sai dai ka sake fitar da ita. Kafin ma a kai nan, dokar shigo da motoci ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma mai shekara talatin ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Yawancin waɗanda za ka gani a kasuwar Ingila kuma sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka bar wannan tsari. Ita 992 za ta faɗi, babu shakka, shi ya sa nake ganin ta 2020 ko 2021 mai tsafta ta fi sabuwa dal hikima, tunda mai ita na farko ya riga ya sha mafi zafin faɗuwar. Ka dai bi lambar shasi ka ga tarihinta, musamman in daga gwanjon Amurka ta fito. Motar da ambaliya ta taɓa shanyewa tana iya yin wata shida tana ƙyalli kafin wayoyinta su fara hauka.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tambayarka shi ne babu wanda ya ce maka komai game da motar da ke hannunka. Yawancin abin da abokanka ke yabo a 993, kana da shi a 997. Sitiyarin mai ne, kuma ita ce 911 ta ƙarshe da ta zo da shi, domin daga 991 ta 2011 aka koma na lantarki. Injinta ba turbo, sai ka kai shi sama yake buɗe murya, alhali tun 2015 kowace Carrera da turbo take fitowa. Giyar hannu mai shida. Faɗi santimita 181, tsaka-tsaki. Ga sanyin ɗaki na gaske, ga na'urar tsaro. Masu neman 911 mai ɗanɗanon da, wadda kuma za a iya hawa kullum, yanzu irin taka suke farauta.

Don haka kafin ka sa ta a kasuwa, ka kai ta a zura kyamara ta ramin fulogi a duba bangon silinda. Ciwon injin 3.8 na wannan zamanin ke nan: bangon yakan karce, galibi a silinda ta huɗu zuwa ta shida. Alamunsa su ne shan baƙin mai, bakin salansa ɗaya ya fi ɗaya baƙi, da wani ƙas-ƙas da mutane ke ɗauka ƙarar bawul ce. Maganar boris ɗin IMS, wanda ke riƙe wani shaft a cikin inji, da ta tsorata masu 996 ba ta kai haka tsanani a kanka ba, domin zuwa 2006 an sa babba wanda ba ya yawan lalacewa. A kuma karanta ƙwaƙwalwarta, tana ajiye tarihin duk lokacin da aka wuce da inji iyakarsa. In silindar ta fito fes, to abin da kake kira tsufa mai yiwuwa shokazoba ne da bushin da kujerun inji da suka saki, da lagireton gaba da ƙura da ganye suka cika. Waɗannan in an sauya su, motar takan dawo har mai ita ya rasa gane ta, a kan kuɗin da bai kai ushirin 992 ba. In kuwa ta karce, gyaran sai an sauke inji an tsaga shi, kuma wajibi ne ka faɗa wa mai saye. Ɓoye aibi a ciniki ka san hukuncinsa, balle masu irin wannan mota a Abuja duk sun san juna.

In ka tsaya a kan 992, kada dogon suna ya ruɗe ka. Carrera zalla ta fi dacewa da nan fiye da S ko GTS. Wilinta inci 19 a gaba da 20 a baya, tayar ta fi kauri, ta fi jure rami fiye da 20 da 21 na S. Ka nemi mai na'urar ɗaga hanci, wadda ke ɗaga gaban kimanin santimita huɗu, in ba haka ba kowane tudun rage gudu a unguwa sai ya ci leɓen bambarta. Ka guji wadda aka ƙara saukar da ita ƙasa, da mai birkin siramik, wanda ake gane shi da launin ɗorawa, don faranti ɗaya in tsakuwa ta fasa shi kuɗin wata ƙaramar mota ne. Wili mai noti guda a tsakiya, irin na GTS, yana da kyau a hoto, amma sai da dogon makulli na musamman ake kwance shi, mai faci na bakin titi ba abin da zai iya yi maka. Ka tuna babu safaya a motar, kamar dai taka. GTS ta 2024 mai haɗin lantarki, doki 541, abin sha'awa ce, amma ni zan bar ta ta ƙara shekaru a hannun waɗanda ke kusa da masana'anta tukuna.

Saura giya. Carrera zalla da giyar atomatik ta PDK kawai take zuwa, mai takwas, kuloci biyu, ɗaya na riƙe da giyar da kake ciki ɗayan ya riga ya kama ta gaba. Porsche ta fara gwada ta a motocin tsere tun shekarun 1980, ta iso 911 ta titi a 2008, kuma babu hannun ɗan Adam da zai riga ta. A gosulo ni'ima ce. Amma kai da ka saba da ƙafar hagu, nan ne za ka fi jin kewa, fiye ma da sitiyari. Saboda haka ranar gwaji kada ka ɓata lokacinka wajen danna totur, kowa ya san za ta manna ka da kujera. Ka tuƙa ta rabin awa a cikin gari, a gudun da kake yi kullum, ka shiga shataletale, ka bi layin unguwarku, ka gwada shiga da ita ƙofar gidanka. In ka sauko ranka fari, ka yi ciniki. In kuwa ka ji hannunka na ta laluben abin da babu, to ka nemi Carrera T ko Carrera S mai giyar hannu mai bakwai, ko ka mayar da kuɗin aljihu ka gyara ta 2006 ɗin.